Kwamfutar da Aka Ɗaure a Buhun Wake

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya ɗaya daga cikinku ya tsaya a ƙofar shagon nan yana kallo ina share cikin kwamfuta, ya ce wai wannan ai ba sana'a ba ce, kwance noti huɗu ne da hura iska. To, na ji. Ni Lawal a kan wannan benci furfura ta same ni a garin nan na Dutsin-Ma, kuma har yau ban buɗe cikin kwamfuta ba tare da bisimilla ba. Ku gyara zama in ba ku labarin aiki guda ɗaya tak.

Wata ranar kasuwa ce a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙudaje sai sun nemi inuwa. Wani mutum ya tsayar da mashin a ƙofar shago, da buhu ɗaure a baya. Alhaji Sabi'u ne, mutumin Karofi, fitaccen mai sayen wake yana tarawa. Na san shi sama-sama a kasuwa. Ya ƙi bari kowa ya taɓa buhun, shi da kansa ya rungumo shi ya ajiye a kan bencina a hankali.

Muka gaisa, ya ce, "Malam Lawal, mara lafiya na kawo maka."

Na ce, "Alhaji, ai ni ba na awon wake."

Ya ce, "Ba wake ba ne. Kwamfuta ce."

Na duba da kyau. Buhun irin wanda 'yan wake ke amfani da shi ne, mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure bakinsa iska ba ta shiga ba ta fita, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. An ɗaure bakin tamau da robar tayar mashin. Wayoyi huɗu ne kawai suka leƙo ta wuyan buhun. Na tambaye shi ko don tafiya ya sa ta ciki. Ya ce a'a, a haka take zaune a gida, a haka ake kunna ta, an fi shekara.

Wallahi sai da na nemi kujera na zauna.

Ya ce da can takan yi aiki har a gaji a kashe. Daga baya ta koma mutuwa da kanta bayan awa guda. Yanzu ko kofin shayi ba ka gama sha ba ta ɗauke, ga wani ƙauri da take yi. Na ce masa wannan tsohuwar aba ce, ya ba yara su yi wasa da ita, ya sayi wata. Sai ya cire hula ya share gumi.

Ya ce, "Malam Lawal, mahaifina ne a ciki."

Mahaifin nasa, Malam Haruna, malami ne da ya daɗe yana karantarwa a zaurensa. Almajiransa manya sun riƙa ɗaukar karatunsa a kaset tun yana da ƙarfi. Bayan rasuwarsa wani ɗalibi ɗan'uwansu ya juye kaset ɗin duka cikin wannan kwamfuta, ya gama makaranta ya tafi Kudu aiki. Kaset ɗin kuwa aka zuba a kwali aka ajiye a wani ɗaki, damina ta zo rufin ya yi yoyo, suka yi fumfuna suka manne, ko ɗaya bai tsira ba. Duk duniya babu inda muryar Malam Haruna ta rage sai cikin abin da ke kan bencina. Kuma matarsa, Hajiya, mahaifiyar Alhaji, tana nan da ranta, idanunta sun tafi. Kullum da hantsi ake kunna mata karatun ta saurara. Kwana goma ke nan ba ta ji ba, ta rage cin abinci, kullum tambayarta ɗaya ce, "Yau ma Malam ba zai yi karatu ba?"

Alhaji ya ce bai gaya mata cewa abin zai iya ɓacewa gaba ɗaya ba. Bai san da bakin da zai faɗa ba.

Da ɗayanku ne, na san abin da zai yi. Zai jona wuta ya danna, wai ya ga matsalar da idonsa. Ni ban jona ba, kuma ba wayona ba ne, tarbiyyar maigidana ce. A Kurfi na koyi aiki, wurin Malam Iro mai gyaran rediyo, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne gajere mai faɗan tsiya. Shekara biyu ina shagonsa bai bar ni na riƙe ƙarfen dalma ba. Aikina shara, da ware noti, da shinshina rediyo. E, shinshinawa. Duk abin da aka kawo sai ya miƙo mini ya ce, "Mi ka ji?" In na ce ban ji komai ba ya ƙwanƙwashe ni. A hankali hancina ya koyi bambanta ƙaurin waya da ƙaurin tiransifoma da warin batir da ya zube. Tsarinsa shi ne hanci tukuna, sai bayan hannu, sai mita, wuta ita ce ta ƙarshe. Bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba har ya bar duniya, amma duk kwamfutar da na gyara da karatunsa na gyara ta.

Na kwance robar, na zare ledar farko, na zare ta biyu. Kafin in kai hanci, hancin ya kai kansa. Na yi atishawa ta fi goma a jere. Ƙasan buhun cike yake da busasshen barkono da ganyen dalbejiya. Alhaji ya ce wata rana ya ga kyankyaso ya fito ta ramukan bayan kwamfutar, hankalinsa ya tashi, ya ce ƙwari za su cinye masa muryar uba. Shi kuwa abu ɗaya ya sani tun yana yaro: abin da kake so ya daɗe, ka hana shi iska, ka zuba masa barkono. Haka yake adana wake shekara ya fito garau. Saboda haka ya bi duk ramukan nan ya liƙe da salatif, sannan ya saka ta a buhu.

Na so in yi faɗa, don kun san halina. Amma na kalli yadda ya liƙe ramukan ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, babu wanda ya karkace, sai faɗan ya maƙale. Na ce, "Alhaji, wake in ka hana shi iska ƙwarinsa ne ke mutuwa. Wannan in ka hana ta iska ita ce ke mutuwa. Numfashi take yi."

Ya ce, "Numfashi kuma?"

Na buɗe murfin na nuna masa. A tsakiyar babban allon ciki akwai wani ɗan abu da bai fi girman akwatin ashana ba, shi muke kira farosesa, shi ne ke yin dukkan tunanin. In yana aiki zafi yake yi wanda zai iya soya ƙwai. Don haka ake kifa masa wani ƙarfe mai haƙarƙari ya tsotse zafin, fanka ta kore shi, wata fankar ta fitar da shi ta baya, sabuwar iska ta shigo ta gaba. Tsakanin farosesa da ƙarfen akwai wani farin mai da ake shafawa siriri don zafin ya ratsa. Abin da har gobe yake ba ni mamaki shi ne, ɗan abin nan ya san zafin jikinsa. In ya ji zai ƙone, shi da kansa yake yanke wutar. Mutuwar da take yi wa Alhaji ba lalacewa ba ce, ceton kanta take yi, kullum, a cikin buhu da barkono. Na tsaya ina kallonta na ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya ba ɗan Adam basirar ƙera wannan.

Cikin nata dai ba kyan gani. Fankar farosesa ta ƙafe, ko da yatsa da ƙyar take juyawa. Garin barkono da ƙaiƙayi sun haɗu da maiƙo sun zama kamar daddawa a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen. Farin man ya bushe ya zama alli. Kafasito uku, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun kumbura, kawunansu sun tsage. Duk wannan bai tsorata ni ba. Abin da ya tsorata ni shi ne faifan ajiya, wanda muke kira had-dis, don a cikinsa muryar take. Faifai ne mai sheƙi da ke juyawa da gudun da ido ba ya gani, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. In ta taɓa sau ɗaya, ta karce, shi ke nan. Zafi kuwa shi ne babban abokin gabarsa. Takardar da ke manne a bayansa har ta yi ja ta naɗe.

Za ku ce in cire shi in jona a wata kwamfutar in kwashe. Daidai ne, da a wata shekarar ce. Amma wannan ita ce muguwar shekararmu. Tun daminar da ta wuce aradu ta faɗa wa tiransifomar unguwarmu, muka yi wata da watanni babu wuta. Ga shi lokacin ne kowa ya koma yin komai a waya. Sai in wuni a nan ban ga ko mai tambayar hanya ba. Abokan sana'ata biyu suka rufe shago, ɗaya ya koma acaɓa, ɗaya ya koma gona a Dabawa. Ni ma na sayar da kayan aikina da yawa don a ɗora tukunya, har da babbar kwamfutata mai karɓar kowane irin faifai. Faifan Alhaji tsohon yayi ne, wanda ake jonawa da wata faffaɗar waya mai kama da bel. Na zaga garin nan ranar har la'asar ban sami mai irin bakinsa ba. Ya zama babu abin da zai iya karanta faifan nan sai ita kanta mara lafiyar. Dole in tashe ta, ta tsaya da ƙafarta na wasu awoyi, ba ta mutu a tsakiya ba. Kuma a ganina kunnawa ɗaya ta rage mata, ko biyu in an yi sa'a.

Na gaya wa Alhaji haka ba ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Yi abin da Allah Ya nufe ka da yi."

Washegari na wuni a kanta. Na fitar da ita bayan shago na sa mata bulowa mai hura iska, na danne fanka da yatsa, don in ka bar iska ta juya ta da ƙarfi kai ne ka ƙarasa ta. Barkonon da ya tashi ya sa duk layin nan atishawa, mai aski na kusa da ni ya fito da aska a hannu yana tambayar wa ke suya. Na wanke ƙarfen da burushi da sifirit har sai da na hango haske ta tsakanin haƙarƙarinsa. Na ciro fanka daga wata matacciyar kwamfuta. Kafasito ukun ma daga gawa na ciro su, na auna kowanne da mita, na ɗora da dalma. Man farosesa kuwa ɗan abin da ya rage mini a sirinji bai fi ƙwayar gero biyu ba, na tatse shi tas. Na taɓa kama wani a cikinku yana shafa man goge baki a wurin. Kada in sake gani.

Ban kunna ranar ba, don rana ta riga ta yi. Na ce Alhaji ya zo da sassafe. Ana sallame asuba muka buɗe shago, lokacin gari na da ɗan sanyi. Na yayyafa ruwa a ƙasa, na aro janaretan mai aski, na bi da wutar ta sitabilaiza mai daidaita ƙarfinta, na bar murfin kwamfutar a buɗe. Na yi bisimilla na danna.

Fanka ta tashi. Faifan ya yi ƙara guda, ƙas, ya yi shiru. Sai kuma na ji ya ɗauki juyi, siririyar ƙara mai daɗi, allo ya kawo haske. Ban tsaya sauraron komai ba, na soka filash na shiga neman inda karatun yake. A fuskar allo guda bakwai ne kawai, waɗanda ɗalibin nan ya ajiye musu a kusa, su kaɗai ake ta maimaita wa Hajiya. Da na shiga can ciki sai na tarar da wata ma'ajiya cike da su, sun fi a ƙirga da ido, babu suna sai lamba. Alhaji bai ma san da su ba. Na haɗa duka na ce ta kwashe.

Tsohuwar kwamfuta ba ta sauri. Layin da ke nuna tafiyar aikin yana matsawa kamar ba ya so. Hantsi ya yi, kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi. Ina kai bayan hannu kan faifan lokaci-lokaci, ina jin ɗuminsa na ƙaruwa. Fankar shago na riga na sayar. Na ɗauko mafici zan fara fifita, Alhaji ya karɓe daga hannuna. Mutumin da ke da yara masu ɗaukar masa buhu, ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa a kan simintin nan yana yi wa kwamfuta fifita. In hannun dama ya gaji ya koma hagu. Aka zo daga kasuwa aka ce ga motar wake ta iso ana nemansa, ko waiwayawa bai yi ba.

Wajen sha ɗaya faifan ya sake yin ƙas, layin ya tsaya cik. Alhaji ya ɗago ya dube ni. Na ce kada ya daina. Babu abin da zan iya yi, duk ilimina ya ƙare a nan, sai salati da nake yi a zuci. Na san allurar ce ta iso wurin da zafi ya taɓa, tana komawa tana sake gwadawa. Ta gwada, ta gwada. Can sai layin ya motsa. Haka ta yi mana sau uku. Ana kiran sallar azahar ta ce ta gama. Na zare filash ɗin, na juye a memori biyu ta wayata, na ba Alhaji ɗaya na ce ya sa a aljihun gaba, ɗaya kuma ya kai gidan ƙaninsa. Faifan kuwa da na sake kunnawa da yamma don gwaji, bai tashi ba. Bai sake tashi ba har yau, yana nan cikin akwatin can.

Na saka mata wani faifan na hannu da na samo daga baya, na mayar da karatun ciki. Na ce ni zan kai ta Karofi da kaina, don ban yarda da Alhaji da buhu ba. Muka tafi da hantsi. Na zaɓi wuri a zauren marigayin, kusa da taga, na ɗora ta kan tebur, na bar tazarar hannu tsakaninta da bango. Na ce abin da aka yarda a rufa mata shi ne ƙyalle, shi ma sai an kashe ta ta huce.

Aka shiga aka fito da Hajiya, Alhaji na riƙe da hannunta. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne likitan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Ya warke?"

Na ce, "Yanzu za ki ji."

Aka zaunar da ita a tabarma ta jingina da bango. Na ga guda bakwai ɗin nan ta riga ta haddace su, sai na shiga cikin waɗanda ba su da suna na danna ɗaya, ban zaɓa ba. Aka fara jin shuuu irin na tsohon kaset, da ƙarar ruwan sama a kan kwano. Da alama ranar ruwa ya hana zama a zaure, a cikin gida aka ɗauka. Sai murya ta fito, kakkaura, a natse, tana karanta baitin Larabci tana fassarawa. Ni ban taɓa ganin Malam Haruna ba, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum yana cikin ƙasa shekara da shekaru, ga numfashinsa a ɗaki, har da yadda yake haɗiye yawu kafin ya juya shafi. Hajiya ta sunkuyar da kai tana motsa baki tare da shi.

Ana cikin haka ya yi tari, ya dakata. Aka ji ya ajiye takarda. Sai ya ɗaga murya kaɗan, ba irin ta karatu ba, ya ce, "Indo, kina nan?"

Tsohuwar da ke kan tabarma ta ɗago kai da sauri, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Ina nan, Malam."

A daidai lokacin, daga cikin sifika, wata murya ta mace mai ƙuruciya, daga ɗan nesa, ta faɗi kalmomin nan guda uku. Tare suka fara, tare suka ƙare.

Malam ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da karatunsa.

Alhaji Sabi'u ya juya ya fuskanci bango. Ni kuwa hannuna na kan tebur, na kasa ɗauke shi. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta saurara har kaset ɗin ya ƙare, ruwan saman ya yanke. Sannan ta juyo wajen da take jin numfashin ɗanta ta ce, "Sabi'u, a kawo mini kunun nan. Kuma gobe wannan za a sa."